Shekarar da Inabin Don Casimiro Ya Nuna

Duk mai cewa kudancin nan namu ba ya haifar komai sai tumaki da iska, bai taɓa ganin Don Casimiro Oyarzo yana tofi ba. Tofi dai kowa na yi, har jinjiri. Amma na Don Casimiro ilimi ne, kuma da ana ba da lambar girma a kansa, da ƙirjinsa bai ishe shi ratayawa ba. Zai ɗaga kofin gilashi ya haska shi a rana, ya jujjuya shi, ya cusa hanci ciki har gashin bakinsa ya jiƙe. Ya kurɓa. Ya lumshe ido, kumatunsa su yi ta kai da kawowa, jama'a su yi tsit. Can sai ya saki. Giyar ta fito siririya, ta lanƙwasa a iska, ta sauka tsakiyar tasar azurfar da yake yawo da ita a hammata, ko ɗigo bai taɓa gefe ba. Akwai masu rantsuwa sun ga ya yi hakan daga kan doki, dokin kuma yana tafiya.

Masu sana'ar giyar inabi duk suna tofarwa idan suna ɗanɗano, don kada kai ya juya kafin a gama aiki. In sun koma gida kuma su sha abinsu kamar kowa. Don Casimiro ya fi ƙarfin wannan munafunci. Shekara ashirin da 'yan kai yana matse inabi a gangaren Loma Parda, ɗigo ɗaya bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba. A kan wannan sunansa ya tsaya. Shi ne dukiyarsa, shi ne iyalinsa, tunda bai taɓa samun macen da ta cancanci harshensa ba.

"Haɗiya aikin ciki ce," in ji shi, "ciki kuwa jaki ma yana da shi. Ni harshe Allah ya ba ni. Abin da harshe ya gama da shi, me ya rage a cikinsa da zan kai wa hanji?"

Mutanen gari suka raɗa masa Sarkin Tofi. Shi ya fi son a ce Harshen Kudu, har ya sa aka ɗinka masa hakan a bayan rigar sanyinsa, don masu tafiya a bayansa su san wa suke bi.

Gonar ba wata babba ba ce. Gado ce da shi da yayarsa Doña Herminia suka ci daga ubansu, gangare mai kallon tafki, inda iskar yamma ke shigowa a guje ba sallama. Ita ta riƙe tumaki, shi ya dasa inabi a saman tudun da tumakin ma suke ƙin kwana. A kwarin akwai wasu ƙananan gidajen giya, kuma sanyin nan yana yi musu rana. Giyarsu ba ta da nauyi, tana da ɗan tsami mai wartsake baki, a sha da gasasshen rago a yi hira. Don Casimiro yana kiransu masu sayar da alewa. Shi tudunsa ya fi na kowa tsayi da sanyi, zafi leƙowa kawai yake yi ya juya. Inabinsa bai taɓa nuna ba ko sau ɗaya. 'Ya'yan kan fito ƙanana, masu taurin tsakuwa, ba su tsaya a kore ba, ba su kuma kai ja ba.

Giyar da ke fita daga cikinsu kuwa, sai wanda ya kurɓa. Da farko ba a jin komai sai sanyi. Sa'an nan haƙora su mutu, dasashi ya tattare, kunnuwa su ja baya da kansu, ido ɗaya ya rufe ya ƙi buɗewa sai an jima. Baurin kan kwana a baki, wani lokaci ya wuni. Don Casimiro ya ce wannan shi ake kira hali.

"Giyar arewa maroƙiya ce," yakan ce, yana ɗaga yatsa. "Rana ta lalata ta. Kowa ta gani sai ta washe baki, ta rungume shi, ta kira shi ɗan'uwa. Tawa ba ta gaida kowa. Ku saurare ta da kyau. Akwai jiƙaƙƙen dutse a cikinta. Akwai wayar shinge da asuba. Can ƙasa, in harshenku ya kai, akwai ulun ragon da ruwa ya doka, da baƙin cikin mutumin da jirgi ya tafi ya bari a tasha. Duk wanda ya ce ya ji daɗinta, bai fahimce ta ba."

Cikin ikon Allah, ba a taɓa samun wanda bai fahimce ta ba.

Wata shekara ya kai wa coci kyauta. Fada Anselmo ya ɗaga ƙoƙon ibada ya sha a gaban jama'a, hawaye suka zubo masa, murya ta ɗauke. Tsofaffin mata suka fashe da kuka ganin irin tsoron Allah na bawan Allahn nan. Tun daga ranar Fada yake cewa cocinsa cocin talakawa ne, bai cancanci giya mai wannan daraja ba, kuma Don Casimiro ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Tsuntsaye ma sun san girmansa. Sauran manoma duk shekara sai sun lulluɓe gonakinsu da raga, shi kuwa bai taɓa sayen raga ba, don tsuntsayen kwarin in sun zo saitin gonarsa ƙara sama suke yi. Ya ce ladabi ne.

Mutum irin wannan ba zai zauna ba almajirai ba. Ya kafa Majalisar Harsuna Goma Sha Biyu, mai mutum uku: shi kansa, da Don Lisandro mai kemis, wanda mura ta kashe wa ɗanɗano tun yana saurayi, da Don Ovidio tsohon shugaban gidan waya, wanda ke zuwa saboda akwai murhu a ɗakin taron. Sauran kujerun ana jera su ana goge su, suna jiran harsunan da ba a haifa ba tukuna. Majalisar tana da doka guda, wadda ya sa maƙeri ya lanƙwasa da ƙarfe aka kafa a saman ƙofar gona: ba a tsinke inabi sai raɓa ta daskare a kansa. "Sanyi ne mai girbi," in ji shi, "mu 'yan dako ne." Dokar ba ta taɓa ba shi wahala ba, don a tudun nan raɓa kan daskare tun inabi bai san abin da ake ciki ba.

Sai ga shekarar masifa.

Iskar yamma ta kwanta. Rana ta fito ta zauna kamar baƙon da ya sami abinci mai kyau. Mutane suka shiga tafki wanka, tsofaffi suka tuɓe rigunan sanyin da ake zaton da su aka haife su. Kowa na murna. Don Casimiro kaɗai ke fita da sassafe, ya taɓa ganye da bayan hannu, ya ji ɗumi, ya ɗaga kai ya harari duwatsu don sun ci amanarsa.

Wata safiya ya tarar da tsuntsu a kan kurangar inabinsa, yana ci. Ya tsaya cak, yana jira ya ga ɗan banzan ya faɗo. Tsuntsun ya gama, ya goge baki a reshe, ya tashi ya je ya kira danginsa. Ran nan Harshen Kudu bai iya cin abincin rana ba.

Amma babban mutum ba ya zama ya naɗe hannu. Ya kwashe zannuwan gadon gidan kaf ya shimfiɗa a kan kurangun don su tare rana. Ya aro baƙaƙen laimomin da ake rakiyar gawa da su ya kakkafa a tsakanin layuka, har masu wucewa suka riƙa cire hula. Ya ɗauko ƙanƙara wurin mai sayar da kifi ya jera a gindin kowace kuranga. Ƙanƙarar ta narke, kurangun suka sha, 'ya'yan suka ƙara ƙiba. Suka yi baƙi wuluk suna sheƙi, ƙudan zuma suka tare a gonar.

Doña Herminia ta same shi a tsakiyar layi yana yi wa wani reshe fifita da kwali.

"Miro, in tsamin kake so, ka tsinke abin nan tun da sauran ɗanyensa mana. Ka kuma maido min zannuwana, a kan buhu nake kwana."

"Yaya, kin karanta abin da ke saman ƙofa?"

"Ni na riƙe maka tsani ranar da aka kafa shi."

"To, duniya ma ta karanta. In na sa almakashi kafin sanyi ya sauka, gobe da wane ido zan kalle ta?"

"Wace duniya? Ruperto mahauci ne da karensa suke bin hanyar nan."

"Ruperto yana da baki, Yaya."

Nan kam ya faɗi gaskiya. Abin da Ruperto ya gani da safe, kafin azahar an nannaɗe wa kowa shi tare da nama. Saboda haka Don Casimiro ya zauna jiran sanyi, sanyi kuma ya yi zamansa a bayan duwatsu. Bai sauko ba sai da ganye ya yi rawaya, maƙwabta duk suka gama girbi suka wanke ganguna. Safiyar da raɓa ta daskare, inabin ya nuna iyakar nuna. Masu tsinka suna jefa ɗaya a kwando, ɗaya a baki. Don Casimiro ya hana su yin fito, ya hana su waƙa, ya ce girbin makoki ne.

Aka matse, aka zuba, abu ya fara tsima. Duk girbin ganga ɗaya ya cika, don tsuntsaye da masu tsinka sun riga sun kwashi rabonsu. Ba a jima ba ƙamshi ya soma fitowa daga ɗakin ganguna, ƙamshin ceri da ya nuna a bishiya, da ɗan zuma, da wani abu mai kama da ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya. Dokin mai raba wasiƙu ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi gaba. Don Casimiro ya toshe kowace kafa da fatun tumaki, ya ce wa mutane Herminia ce ke dafa 'ya'yan itace.

Bai ɗanɗana ba. Karo na farko a rayuwarsa ya bar ganga ba ta ga harshensa ba, ya ce hancinsa ya gaya masa duk abin da yake buƙatar sani. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Duk sa'ad da ya shiga ɗakin sai miyau ya taru masa a baki, abin da giyarsa ba ta taɓa jawo wa ɗan Adam ba. Ya tofar, ya sake taruwa. Sai ya fito da sauri ya kulle ƙofa.

Ya kira taron gaggawa na Majalisa. Don Lisandro ya ce yana da wani farin gari a kemis, cokali kaɗan zai maida gangar yadda aka saba.

"Tsamin saye?" Don Casimiro ya miƙe tsaye. "Ni? Tsamina daga sama yake saukowa, malam. Ban taɓa aron baƙin ciki a kanti ba."

Don Ovidio, wanda ya fara gyangyaɗi a gefen murhu, ya ce a tuntsurar da ita cikin tafki kowa ya huta. Majalisa ta amince. Sai dai Doña Herminia tana bakin ƙofa da tukunyar shayi, ta ji.

"Rabin gangar nawa ne. Ka nuna min naka rabin ka zubar, nawa kada ka taɓa."

Aka shiga muhawara kan ko rabinsa na sama ne ko na ƙasa. Famfon gangar a ƙasa yake, duk abin da zai fita daga ƙasa zai fara. Doña Herminia ta ce to na ƙasan ne nata. Don Lisandro ya zana ganga a kan tebur da yatsa, ya yi ta lissafi, ya ce a ilimance ba yadda za a yi na sama ya fita bai bi ta kan nata ba. Taro ya tashi ba a cimma komai ba.

Sanyi ya zo ya wuce, tumaki suka haihu, lokacin bikin yanka wa 'yan raguna shaida a kunne ya matso. Ranar ce maƙwabta ke taruwa a gidan Oyarzo su taya aiki, a soke raguna a jikin ƙarfe a jera su kewaye da wuta, kuma ranar ce Don Casimiro ke buɗe sabuwar ganga. Al'adar kowa ya san ta. Za ka karɓi kofinka da hannu biyu, ka taɓa shi da leɓe, ka ce lallai akwai dutse, sa'an nan ka sulale zuwa gindin shinge ka zubar. Itatuwan shingen na wannan gefe sun daɗe da bushewa, Don Casimiro yana ɗora wa iska laifi. Bana ba halin ya ƙi buɗewa, Ruperto zai tambaya. In ya buɗe kuma, garin nan duka zai ji daɗin giyar Harshen Kudu, kuma abin da ya gina tun yana da baƙin gashi ya rushe a wuni ɗaya.

Manyan mutane a irin wannan ƙunci suke nuna kansu. Wata safiya ya fito fuska a sake, ya tara yayarsa da almajiransa.

"Zan mai da abin kunya darasi. Ba za ta shiga kwalba ba, ba za ta ɗauki sunana ba. A fito da ita tsakar fili a ba kowa, rabona da rabon Yaya, su sha su ga yadda lalacewa take. Kada a bar ko ɗigo da zai kwana a gidan nan. In sun gama, ni zan yanke mata hukunci a gabansu, da tofin da jikokinsu za su riƙa ba da labari."

Doña Herminia ta ce in dai cikin mutane za ta shiga ba cikin tafki ba, ta yarda. Shi kuwa ya shiga atisaye a bayan gida da ruwan rijiya, kullum yana ƙara matsar da tasa, har kaji suka koyi kaucewa.

Ranar biki ta zo da rana mai kyau. Aka gama da 'yan raguna, hayaƙin nama ya tashi, aka mirgino ganga. Don Casimiro ya sa aka fara cika nasa kofin, ya hau kan tebur da shi, ya sa Don Ovidio ya kai tasar azurfa can kusa da turken dawakai. Doña Herminia ta zauna a bakin famfo. Mutane suka yi layi da fuskar masu jiran allura.

"Jama'ar Loma Parda," ya fara, "yau ranar baƙin ciki ce. Abin da ke hannunku ba giyata ba ce. 'Yar rana ce, ta shigo gidana ta taga."

Jama'a suka taɓa kofi da leɓe, suka juya suka nufi shinge kamar yadda aka saba. Ruperto ne a gaba. Ya kai rabin hanya ya tsaya. Ya lashi leɓensa. Ya kalli kofin, ya kalli sama, ya sake kurɓa, wannan karon da gaske. Na bayansa suka yi karo da shi.

"Kai!" in ji Ruperto. "Doña Herminia, wannan a ina kuka sayo ta?"

"Daga tudun nan ta fito, sarkin surutu. Sha ka ba wasu wuri."

Ruperto ya juyo wurin tebur, idonsa ya yi rau-rau. "Ranka ya daɗe, Allah kuwa ta yi daɗi!"

An sha zagin Don Casimiro a duniya, amma ba a taɓa yi masa irin wannan a gaban mutane ba. Ya runtse ido ya shanye zagin, ya ɗaga murya.

"Kun ji ko? Ta yi daɗi! Mahauci ya fahimce ta da kurɓa ɗaya! Ina dutsen? Ina wayar shingen? Giyar da ba ta sa mutum ya tuna zai mutu ba, me ta zo yi a duniya?"

Amma baki duk ya cika da giya. Layin da ya nufi shinge ya lanƙwaso ya koma bakin famfo. Masu kofi suka ajiye kofi suka ɗauko kwano. Wata tsohuwa da ta shekara ba ta yi wa surukarta magana ba ta rungume ta. Fada Anselmo ya matso a hankali ya ce lallai cocinsa cocin talakawa ne, amma ya sake tunani, talaka ma bawan Allah ne, ko za a samu ɗan abin da za a kai? Wani ya ɗauko jita. Don Casimiro yana kan tebur yana bayani kan tarihin sanyi tun daga halittar duniya, da yadda zaƙi ya rusa manyan dauloli.

Ya waiga neman almajiransa. Don Ovidio ya bar gadin tasa, yana rawa da matar maƙeri. Don Lisandro yana tsaye da kofi a kowane hannu, hawaye na bin kumatunsa.

"Maigida, ka yafe min," ya ce. "Kamar ina jin wani abu. Can gefen harshe. Rabona da jin wani abu tun ina saurayi."

"Maci amana," in ji Don Casimiro, ya ci gaba da jawabi. Ya yi magana har inuwar tebur ta koma ɗaya gefen, har aka cinye raguna aka bar ƙashi. Da ya ga rana ta sunkuya, ya buga ƙafa a kan tebur.

"Yanzu ku buɗe ido ku ga hukuncinta!"

Wannan kam sun saurara, don ba mai son tofin Sarkin Tofi ya wuce shi. Mai jita ya dafe igiyoyinsa. Aka dare aka buɗe hanya tsakanin tebur da tasa. Don Casimiro ya ɗaga kofin ya haska, giyar ta yi ja garau, ana hango duwatsu ta cikinta. Ya jujjuya. Hancin ne bai cusa ba, ya san abin da zai tarar. Ya cika ƙirji da iska, ya kurɓa.

Ya yi shirin zaƙi mai ɗanko, irin na arewa, wanda zai raina cikin sauƙi. Ba shi ya zo ba. Ceri ne ya fara shigowa, mai laushi, ya bazu a kan harshe. A bayansa sai ga tsamin nan nasa, nasa na tudun nan, wanda ya sani kamar tafin hannunsa, amma yau bai zo da mari ba, ya zo ne siriri, ya riƙe zaƙin kada ya zube. Har dutsen yana nan. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane akwai jiƙaƙƙen dutse a giyarsa, shi kansa bai taɓa jin sa ba sai yau. Gonarsa ce a bakinsa, da sanyinta da iskarta da wahalar da ya sha a kanta, kuma ta yi kyau. Wani daɗi ya kama shi, da wani baƙin ciki, har ya rasa wanne ya fi.

Kumatunsa suka kai suka kawo. Suka sake kaiwa suka kawo. Jama'a na jira. Ya tsuke leɓe, ya saita tasa, ya ba harshensa umarni. Harshen Kudu ya yi kamar bai ji ba. Ya sake ba shi umarni. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar goshinsa ta tashi, gashin bakinsa na rawa.

Sai zakaran wuyansa ya hau, ya sauka.

A cikin shirun nan, har masu riƙe da dawakai sun ji ƙarar. Kowa ya juya ya kalli tasar azurfa. Tana can tana sheƙi, a bushe.

"Ya haɗiye," in ji Ruperto a hankali. Sa'an nan ya tuna shi wane ne, ya cire hula ya jefa sama. "Jama'a, ya haɗiye! Sarkin Tofi yana da ciki!"

Fili ya kaure. Mata na guɗa, karnuka na haushi, mai jita ya kama kiɗa. Don Casimiro ya ɗaga hannu, ya ce ya yi hakan ne da gangan don kada ƙazamar giya ta ɓata masa tasa, amma ko shi bai ji muryar kansa ba. Ya duba kofin. Kurɓar da ya yi ta mai hukunci ce, babba, sauran kuma ya zube a kan tebur sa'ad da yake kokawa da maƙogwaronsa. Suna ya tafi, ya san ya tafi, gobe za a nannaɗe shi da nama a kai kowane gida. Abin mamaki, ba wannan ne ya fi damunsa ba.

Ya sauko daga tebur, ya ratsa masu rawa, ya isa bakin ganga. Ya sunkuya kusa da kunnen yayarsa, ya miƙa kofin ta ƙasa, inda ba mai gani.

"Yaya," ya ce, da muryar da rabon da ta ji ta tun suna yara. "Ɗan ƙara min."

Doña Herminia ta murɗa famfo. Ba abin da ya fito. Ta karkata gangar da gwiwa, ta bubbuga ta, gangar ta amsa da ƙarar wofi.

"Kai ka ce kada a bar ko ɗigo, Miro."

Ya tsaya da kofi a hannu. Daga yamma wata iska ta taso ta ratsa fili, mai sanyi, irin wadda aka saba, mata suka fara jan mayafi. Ya juya wa jama'a baya, ya zura harshe cikin kofin yana lasar gefensa. Tausayinsa ya kama Doña Herminia, ta dafa kafaɗarsa.

"Haba, kada ka damu," ta ce. "Ta bara tana nan cike da ɗaki, ko kwalba ɗaya ba a taɓa ba."